Zoben Laure Ba Zare

"Lahiya lau, angona. Amma wagga sallama taka kamar wanda 'yan sanda sunka biyo?"

"Ke dai amsa, tsohuwa, sauri nike. Ina wuni, ina gajiya, ina gwiwa, duk na haɗa miki su wuri guda."

"To ban amsa ba. Koma waje ka sake sallama irin ta ɗiyan mutane."

Sirajo bai koma ba. Ya durƙusa gaban tabarmar kakarsa Laure yana haki, rigarsa sharkaf da zufa, makullin babur na karkaɗawa a yatsansa. Tun safe bawan Allah bai zauna ba. Ya tashi daga Argungu ya kai zobenta Birnin Kebbi, maƙerin fari ya wanke ya goge, sannan ya wuce da shi unguwar Nasarawa wurin Alhaji Dikko mai sayen duwatsu masu daraja. Alhaji ya haska, ya auna, ya yi tayi mai kyau, amma ya ce ba ya sayen zoben tsohuwa a hannun jika sai ya ji yardarta da bakinta, ko da ta waya ce. Laure kuwa ba ta da waya, dole ya dawo gida. Kuma ana sallame la'asar zai kama hanyar Jos. Ga shi ranar Litinin likita ya ba su don cire yanar da ta rufe wa Laure ido biyu, kuɗin aikin kuwa babu inda za su fito sai jikin zoben nan.

"Kaka, albishirinki. Alhaji ya ce dutsen na gaske na, shuɗin yakutu, wanda suka ce wa safaya. Ya sa wani ɗan madubi ga ido, ya juya shi gaban fitila, ya ce ko tsaga babu."

"Sai da madubi ya gane? To shi ma a haɗa mu ran Litinin, a kankare muna tare."

"Ya ce an yi shekaru ana wulaƙanta dukiya. Na ce masa ai da shi kike kwasar tuwo."

"Da tuwon aka rene ka, mai kunnuwan faifai. Ka ci na wulaƙanci har ka yi wuya."

"In an buɗe idon za ki ga irin mijin da Allah ya ba ki, ki yi godiya."

"Na gan ka ran suna, Sirajo. Tun ranar idon ya fara rufe kansa."

Sirajo ya dubi agogo, ya dubi inuwar katanga da ta fara miƙewa, ya zaro zoben daga aljihu ya ɗora mata a tafin hannu. Kai, zobe ya yi kyau! Azurfar ta yi fes, dutsen ya yi shuɗi shar, har ɗaukar ido yake. Sai dai Laure ba da ido take sanin kayanta ba, shekara uku ke nan da yatsu take gani. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta zura a yatsa, zoben ya sulale ya faɗo kan zanenta. Fara'ar fuskarta ta ɗauke.

"Wanga ba zobena ba na."

"Kaka, don Allah, ba lokacin wasa ba na."

"Wa ka wasa da kai? Nawa shekara arba'in bai taɓa faɗuwa ba, ko wanki nike ko surfe. Wanga santsi kamar tarwaɗa. Ina ka kai nawa?"

"Shi na! Wanka aka yi masa. Ke ma da za a ba maƙerin nan ke kwana guda, ba wanda zai gane ki."

"Ka ba wata 'yar unguwar Badariya nawa, ka sayo min na gwangwani. Dama an ce min kana yawan zuwa can da turare."

"Ni da ke da amarya mai haƙori ɗaya da rabi, mi zan nema Badariya?"

Ana cikin haka waya ta yi ƙara, Alhaji Dikko ne. Sirajo ya danna ya kara mata a kunne, yana roƙonta da hannu kamar tana ganinsa.

"Hajiya, barka da yini. Zoben da yaronki ya kawo, naki ne, kin yarda a sayar?"

"Alhaji, ni ba ni ƙarya da furfura. Wanga da ke hannuna ban san shi ba."

Sirajo ya zabura. Ya fizge wayar, ya ce, "Alhaji, tsufa na, minti biyar!" ya kashe. Ya miƙe, ya zagaya turmi, ya dawo, ya sake zagayawa. Haushi ya kama shi, tsoro kuma ya fi haushin, don ya san mai sayen dutse in ya ji ƙamshin sata ko kyauta ba zai karɓa ba.

"Kin kashe ni, tsohuwa! Yanzu mutumen ga ɓarawo ya ɗauke ni."

"To ya yi saurin ganewa, ni sai da ka shekara bakwai kana ɗauke min ƙuli."

"Ki zauna da yanarki ke nan? Ki ci gaba da gaida turmi kina ce masa Malami?"

"Turmin ya fi ka ladabi, in na yi magana shiru yake yi. Ni dai a ba ni zobena mai zare."

"Mai mi?"

"Zare, kurma! Zaren da ke naɗe ta ciki."

Sirajo ya tsaya cak. Sai yanzu ya tuna wani baƙin dunƙule da ke manne a cikin zoben, wanda shi ya ɗauka dauɗar shekaru ce. Yana tsaye maƙerin ya sa tsinke ya warware shi a hankali, shi kuwa yana ta azalzalarsa ya yanke ya jefar. Maƙerin ya ce a'a, su a sana'arsu duk abin da suka cire daga kayan mutum, ko ƙura ce, sai sun ƙunshe sun mayar wa mai shi, don kada gobe a ce sun rage azurfa. Ya ƙunshe a takarda ya ba shi. To ina takardar?

Ya zazzage aljihun riga, katin waya da ɓawon gyaɗa. Ya zazzage na wando, babu. Ya ruga wurin babur ya ɗaga sirdi, ya dawo yana salati.

"Mi kake ta kakkaɓa kamar kaza ta yi wankan toka?"

"Ki yi shiru in yi tunani!"

"Kada ka fara yau, ka ji ciwo."

Ya cire hula don ya share zufa, sai ga ƙunshin ya faɗo daga cikinta. Ashe nan ya cusa shi lokacin da zai hau babur. Ya buɗe, ga zare baƙi ƙirin, ya yi tauri, ya nannaɗe, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Ya sa mata a hannu.

Laure ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci. 

"Shi na," ta ce a hankali. "Kakanka Hodi ya tsamo wani baƙo da jirgi ya kife da shi cikin gulbi, baƙon ya cire zoben ya ba shi. Ya kawo min, ya yi min yawa. Sai ya jawo homarsa, wadda yake su da ita, ya tsinko zare ya zauna bakin ƙofa yana naɗawa yana gwadawa har ya zauna daram. Homar ta ruɓe, jirginsa an yi itace da shi, shi ma ƙasa ta rufe. Abin da hannunsa ya taɓa wanga kaɗai ya rage min."

Tausayi ya kama Sirajo, kunya ta rufe shi, don sau biyu ya ce wa maƙerin ya jefar. Ya kamo yatsan nata, ya naɗa zaren sau uku, ya ƙulla.

"Ya matse?"

"Hodi ya fi ka iya ƙulli. Amma don mijin ƙarshen zamani, ba laifi. Kira min Alhajinka kafin ka sume min a tsakar gida."

Alhaji ya ɗauka da ƙyar, muryarsa a daƙile.

"Alhaji, Laure ta. Zobe nawa na, yaron jikana na, ba ya sata sai ƙuli. Na sayar, Allah shi sa albarka. Amma in faɗa maka gaskiya, dutse da ƙarfe ka samu, mai tsadar yana hannuna."

Alhaji ya yi dariya ya ce su hanzarta, direbansa ya riga ya fara loda kaya a mota. Sirajo ya cafe zoben, ya zura takalmi ɗaya daidai ɗaya a karkace, har ya kai zaure ya waiwayo.

"To amarya, ran Litinin in an kwance miki ido, ni za ki fara kallo ko?"

Laure ta ɗaga yatsan mai zare kusa da fuskarta, inda ko inuwarsa ba ta gani, ta ƙyalƙyale da dariya har haƙorin nan ɗaya da rabi ya bayyana.

"Wanga zan fara dubawa, shekara uku ban gan shi ba. Kai kuma na biyu, in likita ya ce dole. Ruga, kada mutumen ya tahi da idona Jos!"