Minti Ashirin Ba Taka Birki

Ranar Litinin motata ta mutu a layin mai, saura mota uku in kai bakin famfo. Inna tana zaune a baya da sandarta, daga asibiti muke inda ake yi mata gashin ƙafa. Ni da wani direban tasi muka tura, ita kuma tana ba da umarni ta taga, a yi dama a yi hagu, alhali ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba. Muna isa mai famfo ya rataye tiyonsa ya ce dizal ya ƙare. Ban ji haushi ba, domin da kunnena na ji wani Mai Girma yana bayani a rediyo cewa babu ƙarancin mai, mutanenmu ne dai ke son taruwa.

Abin da ya dame ni daban ne. Tankin da a da yake kai ni mako guda, yanzu kwana huɗu ya ce ga garinku. Motar ta yi nauyi, in na taka totur sai ta yi nazari kafin ta amsa, ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ta kunna kanta a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: Kwamitin Tace Iskar Gari, ƙarƙashin Mai Girma Garkuwan Numfashin Talakawa, ya ba da sanarwar cewa ranar Juma'a za a auna hayaƙin duk tsohuwar motar dizal, wadda ta faɗi kuma a ja ta zuwa filin ajiya. Na san filin. Akwai motocin da bishiya ta tsiro ta cikinsu. Inna kuwa ƙafarta ba ta lanƙwasuwa balle ta hau babur, kuma bas ba ta jiran tsofaffi. In motar nan ta tafi, gashi ya tsaya. Gaskiya na tsorata.

Da na sami ɗan dizal a wurin 'yan bumburutu, na kai ta wurin bakanikena, wanda ake kira Mai Kunne saboda sai ya saurari inji kafin ya saurari mai mota. Bai yi gaggawa ba. Ya auna iskar tayoyi, ya ce lafiya. Ya ɗaga ƙafafun ya juya su ko birki na riƙewa, babu. Ya zaro filtar iska ya kalli rana ta cikinta, ya duba nozul ko suna ɗigar da mai. Sannan ya kwance wani bawul da ke mayar da hayaƙi cikin inji, ya nuna mini shi ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya wanke ya mayar. Daga ƙarshe ya zagaya baya ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya ce in taka. Na taka. Ya girgiza kai.

"Alhaji, motarka ba ciwo gare ta ba, shaƙe ta aka yi. Akwai wata matatar hayaƙi a cikin salansa mai kama kunkunniya. In inji ya yi zafi sosai ita ke ƙone dattinta da kanta. Taka kuwa daga layi sai cunkoso, ba ta taɓa yin zafin kirki ba. Hayaƙi ba ya fita, shi ya sa take zuƙar mai tana nishi."

Na tambayi magani. Ya ce biyu ne. Ko ya sa rodi ya farfasa matatar, mota ta sami numfashi, amma ranar Juma'a hayaƙinta ya rufe Kwamitin gaba ɗaya. Ko kuma in sami titi in yi gudu sosai, minti ashirin cur, ba taka birki. Ya faɗi haka hankalinsa kwance, kamar wanda ya aike ni kanti sayen ashana.

Talata na fita neman titi. A babban titin gabas na yi minti uku na tarar da ramin da aka ƙaddamar da cike shi sau biyu. Na yamma yana da shingen bincike guda huɗu, kuma a kowanne sai an tambayi lafiyar iyali. Titin bayan gari sumul yake, sai dai masu hikima sun jera masa tudun rage gudu kamar kunyoyin gona, domin kada talaka ya ji daɗi ya manta da kansa. Mafi tsawon abin da na samu minti shida ne, shi ma akuya ta katse shi.

Maƙwabcina tela ne ya warware mini. Yana cizon zare ya ce shi a rayuwarsa abu ɗaya ya sani da ke tafiya a garin nan ba ya tsayawa, wato ayarin Mai Girma. Ranar Alhamis kuma za a fita da shi can bayan gari, buɗe bikin makon tsabtace iska. Na ce ai wannan ganganci ne. Ya ce to in je in gaya wa Inna haka.

Alhamis da hantsi na laɓe a wata kwana. Jiniya ta taso, 'yan babur suka share hanya, manyan motoci baƙaƙe suka yi ta wucewa har na daina ƙirgawa. Da motar ɗaukar kujeru ta wuce, na karanta abin da na sani na bi bayanta. Jama'a, ashe garin nan da hanya. Shingaye suka buɗe kansu, masu tambayar lafiyar iyali suka ƙame suna sara mini. Wajen minti na goma sha biyar motar ta yi wani tari, ta saki gajimare baƙi a kan allon da aka rubuta maraba da iska mai tsabta, sai na ji ta yi sakayau. Fitilar nan ta mutu. Na kusa yin hawaye.

Juyawa ce ta gagara. Kafin in ankara mun shige filin taro an rufe ƙofa, wani mai kwat ya manna mini sitika a gilashin gaba mai cewa Ayarin Mai Girma, ya nuna mini kujera. Awa uku na zauna ina tafi. Janareto biyu ne ke ba lasifika wuta, don haka ba mu ga fuskar Garkuwa sosai ba, amma mun ji ya yi alkawarin cewa jikokinmu za su shaƙi abin da ba mu shaƙa ba.

Juma'a na isa wurin awo da ƙwarin gwiwa, mota tana numfashi kamar jaririya. Jami'in ya dubi gilashina, ya gyara hularsa, ya buga hatimi ya miƙo mini takarda da hannu biyu. Na ce ai bai auna ba. Ya ce ranka ya daɗe, wa ya isa. Na roƙe shi, domin na sha wuya a kan hayaƙin nan, ina so ko mutum ɗaya ya shaida. Sai ya sunkuyo ya rage murya.

"Na'urar tana cikin kwali, ba a ƙaddamar da ita ba tukuna. Da ido muke aunawa."

Ina fita na duba madubi. Mai bi mini wani dattijo ne mai rarraba burodi, motarsa ko ɗigon hayaƙi ba ta yi, ana ɗaura mata sarƙar ja yana riƙe da takardunsa yana bayani. Idon dai gilashin gaba yake kallo, ba salansa ba.

Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, na sani, kuma na ji kunya har cikin raina. Na tsaya a gefen titi na sa farce a gefen sitikar nan zan ɓamɓare ta. Sai na ga gefen ya ɗan ɗago, don haka na danne shi da babban yatsa, kada ruwa ya shiga.