Hakin da Na Hana Baba Jabbi

Ni na fara shuka ciyawar ado a ƙofar gida a unguwarmu ta Isa, kuma a tsakiyar rani ta yi kore shar. Ranar da na aske ta da inji, sai na bar yankakken hakin baje a kanta, don wani mai lambu a Sakkwato ya ce mini taki yake zama.

Baba Jabbi, maƙwabcina mai kiwo, ya zo da buhu. "Alhaji, ba ni hakin ga in kai ma tumakina."

Na ɗaga yatsa na ce, "Baba, nan za ni bar shi. Ilimi ne."

Ya naɗe buhunsa. "Allah shi ƙara ilimi."

Da la'asar na dawo daga kasuwa, na tarar ƙanshin ɗanyen haki ya tara awakin unguwa kaf. Sun ture shinge, sun share hakin, sun bi ciyawar har saiwa. Amma sun bar mini taki, mai yawa kuwa, don haka har gobe ban yarda na yi kuskure ba.

Yanzu duk akuyar da ta ɓata, sai Baba Jabbi ya ce, "A duba makarantar Alhaji."