Bishiyar Kakan Vinko

Garinmu ya yi sa'a da Allah ya ba shi Vinko Dujmovic. Ya tafi Jamus da wando ɗaya, ya sayar da tayoyin mota har ya ajiye tumbi, ya dawo ya gina gida a bakin teku wanda ya fi cocinmu tsawo. Abu ɗaya ya rage masa: asali. To, wa ya ce ba a sayar da shi?

Ya ɗauko mai tsara lambu tun daga Zagreb, babban birnin ƙasarmu. Aka tuge ɓauren da ke wurin, aka shimfiɗa ciyawar da ta fi unguwa guda shan ruwa. Sannan jirgin ruwa ya sauke wata tsohuwar bishiyar zaitun daga Italiya, saiwarta ɗaure cikin buhu, aka dasa ta a tsakiyar fili. Duk garin muna tsaye muna kallo.

Ran buɗe gida, ana gasa rago, maigida ya dafa kututturen, har da ƙwalla.

"Kakana Jure ya dasa ta da hannunsa, a kan ƙasarsa. Mu ba 'yan jiya ba ne. Saiwarmu ta yi nisa."

Bishiyar da ta girmi kakan kakansa! Muka yi tafi, don naman ya yi daɗi. Muka laƙaba masa Jikan Zaitun, shi kuwa ya ɗauka kirari ne. Ya faɗa wa fada a coci, ya faɗa wa magajin gari, ya faɗa wa duk baƙon da ya tsaya tambayar hanya.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ta Vinko har jikoki ta yi. Ran Lahadi, ana tasowa daga coci, sai ga Goggo Mande a ƙofar gidansa, ƙanwar ubansa da bai gayyata bikin ba, ita da zuriyarta kaf.

"Vinko, ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna mana. Ashe Baba ya bar fili? Ai ba a raba gadonsa ba. Ni ɓangaren teku nake so, saboda gwiwata."

A wajenmu kuwa, filin da ba a raba ba kowane jika yana da ƙafa a ciki, shari'arsa kuma sai ta binne lauyoyinta. Babban ɗan Goggo Mande har ya fara taka ciyawar yana auna inda zai shuka kabeji.

Zaɓi biyu ya rage wa Jikan Zaitun. Ko gida, ko asali. Ya dubi gidan, ya dubi taron da ya cika ƙofa, ya zaɓa.

"Wane fili? Jure bai mallaki komai ba sai jaki, jakin ma na aro! Bishiyar nan sayo ta na yi!"

Goggo Mande ta gyaɗa kai. Ta ce ai ta sani, ita ce mai ba jakin ruwa. So take kawai ta ji daga bakinsa. Ta tattara mutanenta suka tafi cin abinci.

Gida dai ya tsira, bishiyar ma ta kama. Suna kawai muka gyara masa: Jikan Mai Jakin Aro.