Ranar da Na Je Kai Ƙarar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen gidana ba za su bari ba, da wata Laraba da na ci ado na fita gyara auren 'yata ta fari.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce a lokacin. A lungunmu na Zaitawa, in mace ta yi yaji, kafin ta kai gidan ubanta sai ta biyo ta ɗakina. In miji ya rasa bakin biko, ni yake aiko wa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma auren da na zaunar ba ya ƙirguwa. Ina kan tabarmata, goro a kumatu, in saurari wannan, in saurari waccan, in yanke. Har na saba jin kaina mace ce da ba ta kuskure. (Allah Ya yafe mana.)

To, 'yar tawa. Uwani ake ce mata, don sunan uwar mijina ta ci. Yau kun ji na faɗa, amma a da ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba. Mu haka muka taso: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa, ba a nuna an san da zamanta a gaban mutane. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa Dala, can ta girma. Ni "ke" nake ce mata, in ba ta nan in ce "ta gidan Dala". Ita kuma Yaya take ce mini, sai ka ce ciki ɗaya muka fito. Shekara hamsin ba ɗaya muna haka, ni dai ban ga abin da ya ragu ba.

Sai ta fara ramewa. Malamar makaranta ce, da 'ya'yanta har da jika, amma in ta zo gaishe ni sai ta zauna can bakin ƙofa, ido ya faɗa, magana ɗaya biyu sai shiru. A bakin ƙannenta na ji wai abinci ba ya shiga, kuka take yi ba dalili, har an haɗa ta da wata likita wadda ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, zama kawai ake yi ana magana. Na ce a raina, in dai magana ce, ni ina nan zaune, me ya kai ta wurin bare?

Ran nan tana kallon ƙasa ta ce, "Yaya, likitar da nake gani tana so ki zo ranar Laraba."

Na ce, "Ni?"

Ta ce, "Ke."

Ban tambayi dalili ba. Me zan tambaya? Na riga na gano komai: mace ba ta ramewa haka sai da hannun miji, su kuma 'yan boko sun yi iya yinsu sun kasa, shi ne aka ba su labarin tsohuwar Zaitawa.

Ranar na tono atamfar Sallah da ke ƙasan akwati, na sa takalmin da na zo da shi daga Makka, na fesa turare har ina atishawa. A zaure na gamu da maƙwabciyata Hajiya Tabawa, ta ce, "Ina zuwa haka kamar uwar amarya?" Na ce, "Asibiti ake nemana, wata magana ce ta gagare su." Na faɗa a hankali, yadda za ta ji nauyinta ta kai wa sauran matan lungu.

A cikin adaidaita sahu, 'yar tawa tana gefe tana kallon titi, ni ina tattara laifin mijinta, Malam Sabo. A nan na ɗan sha wuya, don shekara talatin ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Amma wadda ta daɗe tana sasanta aure ba ta rasa laifin namiji. Kafin mu wuce Shahuci na haɗa guda biyar.

Wurin a saman wani kemis yake. An ɗauke wuta, sai aka bar ƙofa a buɗe, labule kawai aka saki. Likitar kuwa, Malama Rukayya, yarinya ce da jikata ta girme ta. Ba farar riga, ba abin awo a wuya, kujeru uku ne da kwalin tishu a kan tebur. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ce, "Hajiya, mun gode da kika zo. Ko kin san abin da ya sa muka neme ki?"

Na gyara mayafi na ce, "Yarinya, tun ba a haife ki ba na sani. Zauna ki ji."

Na fara. Na ce mutumin nan shi ya lalata ta. Namiji ne da ke shiga kicin, da idona na gan shi yana yanka albasa yana hawaye. Namiji ne da ke riƙe wa mace jaka a titi. A gaban mutane yake tambayarta ko ta gaji. In ya zo gaishe ni sai ya daɗe a durƙushe kamar ya manta yadda ake tashi, kuma duk mai irin wannan ladabi akwai abin da yake ɓoyewa. Na biyar ɗin ma ban raga ba, na ce tafiyarsa kamar ta wanda ya haɗiyi muciya. Uwani tana ta "Yaya, Yaya," ina ɗaga mata hannu. Likita tana gyaɗa kai, ni kuma na ɗauka darasi take ɗauka, sai na ƙara murya.

Da na kai aya na nemi ruwa, sai ta ce, "Hajiya, na ji. Sai dai wata uku muna zama da ita, ba ta taɓa kawo ƙarar mijinta ba."

Na ce, "To ƙarar wa take kawowa?"

Likita ta dubi Uwani, Uwani ta dubi yatsunta. Ni kuma na waiga bayana in ga ko akwai wani a ɗakin. Bango na gani.

Can Uwani ta buɗe baki. Ta ce, "Yaya, na kusa hamsin, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ƙannena su Binta kina kiransu, kina zaginsu, kina dariya da su. Ni ko zagin ban samu ba. Da aka yi mini aiki na kwanta sati biyu a asibiti, kin zo kin tsaya a baranda kin tambayi nas, kin juya. Tun da Iya ta Dala ta rasu nake jin ba ni da uwa, alhali ga ki da rai."

Jama'a, na sha jin maganganu a tabarmata, amma ban taɓa jin wadda ta soke ni irin wannan ba. Na ce, "Kunya ce fa! Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi wa kowa."

Likita ta ce, "Gaskiya ne, Hajiya, kuma ba wanda ya ce kin yi laifi. Amma ita tana ƙarama wa ya gaya mata kunya ce? Abin da ta gani kawai ta gani."

Sai bakina ya kwance ba da izinina ba. Na ce wa ya gaya mata ban damu ba? Lokacin tana Dala, kullum sai na ƙirƙiro sayen zare ko allura, in taka tun daga Zaitawa, in laɓe a zauren maƙwabta in ga ta fito wasa, in juyo. Allurai sun taru mini har ina rabarwa. Naman Sallah da ake kai mata a ce daga babanta, wa take zaton yake zaɓar tsokar? Ranar aikin nan kuwa, da na bar baranda bayan asibitin na zagaya na yi kukana, har wata mai shara ta ba ni haƙuri ta ɗauka mutuwa aka yi mini.

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan kwalin tishun nan ba. Ni da na shigo ina yi masa kallon kayan ragwaye, ni na kusa ƙarar da shi.

Likita ta ce, "To Hajiya, ga ta nan. Ki kira ta."

Na ce, "Ke."

Ta ce, "Da sunanta."

Na buɗe baki, iska ta fito. Na sake, sai tari. Na nemi a ba ni rangwame in kira ta da sunan ɗanta, aka ƙi. Gumi ya jiƙa atamfar Sallah. Na dubi 'yar nan, mace da furfura a gefen kai, ta zuba mini ido kamar mai jiran a miƙo mata abinci. Sai na rufe ido, na tattara ƙarfina gaba ɗaya kamar zan ɗaga turmi.

Abin da ya daɗe a toshe ba ya fita a hankali. Ihu na yi. "UWANI!" Yadda ake kiran mutum in gobara ta tashi.

Labule ya yaye, sai ga mutum ya faɗo ɗakin a guje yana "Lafiya? Me ya same ta?" Malam Sabo. Da jakarta ta makaranta a hannu. Ashe daga makaranta ya biyo ya mai da mu gida, tun muna gaisawa yake zaune a benci, tsakaninsa da bakina labule ne kawai.

Da ya ga ba wanda ya faɗi, sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe a ƙasa yadda ya saba, sannan ya tuna ya miƙe zumbur. Ya ce, "Inna, duk na ji, kuma in sha Allah za a gyara. Sai dai tafiyar, ita haka aka haife ni da ita."

Uwani ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta kife kanta a cinyata tana yi. Rabon da kanta ya taɓa cinyata tun tana shan nono. Na rasa inda zan sa hannuna, sai na ɗora a bayanta, ɗayan kuma na ja mayafi na rufe fuska. Haka na sauko daga benen nan, surukina yana gaba yana gaya mini inda zan taka.

A ƙofar gida Hajiya Tabawa tana jira. Ta ce, "An shawo kan maganar?" Na ce, "An gano mai laifi," na shige.

Sau huɗu na koma wurin yarinyar nan, da tsohon zanena, ba turare. Uwani ta mai da jikinta. Yanzu in ta kira ni a waya ina faɗin sunan, amma da sauri, kamar mai haɗiyar maɗaci, ita kuma don tsokana sai ta ce, "Yaya, layin ba kyau, me kika ce?"

Har yau ana kawo mini rigimar aure, ina kuma saurara. Sai dai na koyi abu biyu a tsufana. In aka ce ana nemanki a kan wata matsala, kafin ki buɗe akwati ki tambaya ko ke ce matsalar. In kuma za ki yi da surukinki, ki fara ɗaga labule.