Rasuwar Baƙa, Kwamfutar Ɗakin Citta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Baba Kambai, manomin citta na bayan kasuwar Kwoi, yana sanar da dangi, surukai da 'yan ikilisiya rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara uku a hannunsa. Shekarun da ta yi a ƙasar Turawa kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Wanda zai ce ai ƙarfe ne kawai, ya kama bakinsa har ya karanta zuwa ƙasa.

An ɗauko marigayiya daga shagon Alhaji Saifuddeen a kasuwar Kafanchan. Baba bai yi boko mai nisa ba, don haka ya zaɓe ta yadda yake zaɓen akuya: ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya kara kunne a cikinta. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya ce aikin waƙa yana son babbar ƙwaƙwalwa da fanka marar surutu. Da aka duba, ashe wadda Baba ya runguma ita ce mai su. Daga nan Alhaji ya miƙo masa filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce duk abin da ya ɗauka ya riƙa kwafewa a ciki. Baba ya ture. Ya ce shi bai taɓa ba wani amana sannan ya sa masa mai gadi ba. Wannan magana har yau tana tsaye a maƙogwaronsa.

Ba don neman suna tsoho ya shiga wannan aiki da furfura ba. Matarsa Milka ta shekara talatin tana ba da waƙa a zumuntar mata, da Hausa da yaren gida, kuma ko ɗaya ba a rubuce take ba. Da ciwon ƙirji ya fara rage mata numfashi, sai ya ce ba za a rufe waƙoƙin nan tare da mai su ba.

An fara gwada ɗaukar muryarta a falo, rufin kwano ya yi ta maimaita murya. Sai Milka ta ce a koma ɗakin ajiyar citta, inda buhuna suke haɗiye kowace ƙara. Can marigayiya ta zauna har ƙarshen ranta.

Mai haƙuri ce. Ba ta taɓa yi wa Baba dariya ba, ko ranar da ya sa Milka ta rera waƙa sau biyar bai danna jan maɓallin ba. Tun daga ranar, kowace waƙa a cikinta da abu ɗaya take farawa: gyaran murya, sannan Milka ta ce, "Baban Yafet, ta kama?" Waƙa arba'in da ɗaya ta riƙe. Bayan Ubangiji ya kira Milka a daminar bara, kowace Lahadi in an taso daga sujada, Baba yakan rufe kansa a ɗakin ya kunna. Idan tambayar ta fito, yakan amsa.

Ciwon ajali ya fara ne da fanka. Da can fuuu take yi a hankali, sai ta koma kar-kar-kar, jiki ya yi zafi. Baba ya ɗauka zazzaɓi ne, ya lulluɓe ta da zanen Milka. Ranar Talata ya kunna, ta ce, "Baban Yafet, ta ka…" Ba ta ƙarasa ba.

Abednego mai gyara ya buɗe cikinta, ya kwashe garin cittar da zai ishi tukunyar kunu. Ya ce ƙurar ce ta toshe mata numfashi, zanen kuma ya ƙarasa ta. Ya cire zuciyarta, inda waƙoƙin suke, ya kai har Kaduna. Ya dawo bai iya kallon idon Baba ba, don ko waƙa ɗaya ba a ceto ba.

Ta rasu ta bar makirufo ɗaya mai safa a ka, tsaye a kan ƙotar fartanya. Lasifika biyu, tagwaye, da ba su sake cewa uffan ba. Abin sawa a kunne mai jin gefe ɗaya. Da tsoho ɗaya wanda ya binne matarsa sau biyu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a gidan Baba. Gangar jiki za ta koma wurin Abednego, ko wata ta rayu da sassanta. Zuciyar kuwa za a naɗe ta a zanen nan, a binne ta gefen kabarin Milka. Kada kowa ya kawo abinci. Ana roƙon matan zumunta, kowace ta zo da waƙar da ta koya a bakin Milka. Ɗansa Yafet zai ɗauka da wayarsa, kuma Alhaji Saifuddeen ya aiko da filas ɗin, Baba ya karɓa da hannu biyu.

Za a bar wa Milka kujerar gaba babu kowa. Kafin a ɗaga waƙar farko, kowa ya yi shiru na ɗan lokaci. Baba yana da amsar da zai bayar.