Ranar Da Na Fesa Wa Surukina Alkama

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na yi aure ba, duk da na yi ƙoƙarin hakan. Ni mutum ne mai rawar kai, ba na iya ganin aiki in jira gobe.

A lokacin na samu wani irin alkama da maganin ciyawa ba ya kashewa. Duk mai noman rani a bakin madatsar Goronyo ya san ciyawar nan mai kama da alkama, wadda kafin ka gane ta ta shaƙe gona. Na shuka, na fesa, ciyawa ta mutu, alkama ta tsaya ƙyam. Da na girbe, sai na aika wa mahaifin Hadiza, wadda nake nema, buhu guda na iri (neman suna, ba komai ba).

Bayan biki na bi ta gonarsa, na ga ciyawa ta cinye fangali. Barci ya gagare ni. Alkamar nan ita ce abincin gidansa na shekara. Amma yaya zan tsare suruki ina tambayarsa abin da ya shuka? Kunya ta hana, sai na ɗauka irin da na aika masa ne. Na goya famfon feshi, na feshe gonar tas da maganin ciyawa ba tare da ya sani ba. Har na riƙa gayyatar mutane su zo su ga aiki.

Sun kuwa zo. Gona ta yi jawur, ciyawa da alkama duk sun kwanta. Tsohon yana tsaye, carbi a hannu.

"Ɗana, mi ka zuba ma alkamar ga?"

Na ce, kaina a ƙasa, "Baba, ai irin da na aiko ba ya jin magani."

"Wane iri? Mun ɗauka gudummawar biki ce. Ita anka niƙa anka yi alkakin gara."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Alkakin nan ni na fi kowa cinsa, har ɓoye shi na yi ta yi kada abokai su gani.

Shekarar nan rumbuna ya koma gidansa, Hadiza kuma ta daina ajiye alkaki a gabana don dariya ke kama ta. Yanzu ko gaisuwa na je sai na tambayi Baba abin da ya shuka. Kunyar tambaya ba ta kai ta ƙona gonar suruki ba.