Kujerun Ango da Amarya

Ranar Talata, uku ga watan Sha'aban, aka fara cin mutuncin Malam Haladu, tsohon malamin firamare. A ranar ce matarsa Ladidi ta ce ƙanenta Jatau, mai gemu har ƙirji, shi zai taya su shirya liyafar 'yarsu Bara'atu da saurayinta Mudassir. Burin Malam ɗaya ne: dangin ango su ga gida mai tsari.

Wata rana ya ba Jatau katin gayyata, ya ce, "Ka ba uban ango a hannunsa." Jatau ya tarar uban angon yana bayi. Ya leƙa ta saman zana, ya ce, "Alhaji, miƙo na daman."

Wata rana aka aike shi sayen kaji goma. "Masu lafiya!" in ji Malam. Da yamma ya dawo da kwando wayam, yana haki.

"Ina kajin?"

"Yaya Malam, na gwada su ne. Na sake su, na bi su da gudu. Wallahi duk lafiyarsu ƙalau."

Ranar liyafa Malam ya kafa rumfa da kansa, ya hana kowa sa hannu. Ya ajiye kujeru biyu masu laushi a ƙarƙashinta, ya ce, "Jatau, kada kowa ya zauna nan."

Ango da amarya suka iso ana guɗa. Jatau ya tare su da muciya.

"Kawu, ni ce fa!" in ji Bara'atu.

"Na gane ki. Cewa aka yi kowa."

Malam ya taho a fusace zai janye shi, sai iska ta taso. Ginshiƙin rumfa ya faɗo, ya ragargaza kujerun nan biyu. Uban ango ya rungume Jatau, ya cire hularsa ya sa masa.

Tun daga ranar ake kiran Jatau Mai Ceton Amarya, yara kuma suna bin Malam suna cewa "Malam Rumfa". Ba wanda ya tuna cewa daga bakinsa umarnin ya fito! Saboda haka Malam yana neman duk unguwa ta taru a ƙofar gidansa bayan sallar Juma'a ta ba shi haƙuri, da babbar murya. Yana kuma neman Jatau ya zo da kajin.